Gajeren Bugun da Na Hana Ka Koya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a duk inda ka buɗe ta. Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya ba direbanku ido da haƙuri. Ni na ce wa innarka ta cusa maka ita ƙarƙashin ƙullin dabino, don na san ba za ka kai hannu can ba sai motarku ta wuce Damagaram yunwa ta fara taɓa ka. Da gangan na yi. Akwai maganar da ba zan iya faɗa ba kana kallona.

Sati uku ke gare ka a Abijan kafin gwajin golf ɗin nan. Ka san shekarunka sun kai iyakar da suka yanka, baɗi ba za su karɓe ka ba ko ka fi kowa iyawa. Kuma za ka shiga da rabin wasa ne. Dogon bugu kam kana da shi, duk Gure an shaida. Abin da babu shi ne gajeren bugu, wanda ake yi idan ƙwallo ta zo taku ashirin ko talatin daga dandalin rami ta tsaya ba ta hau ba. A nan ake cin gwaji, a nan ake faɗuwa. Ba laifinka ba ne da ba ka iya ba. Ni na hana ka, kuma yau zan gaya maka dalili, ko da za ka ƙara raina ni a kan yadda ka same ni.

Kiyari, mutumin da za ka sauka a wurinsa, ka san shi da suna kawai, sunan ma da irin muryar da nake faɗinsa. Ɗan Kelle ne. Kamiyo ɗaya, babbar motar kaya, ya kai mu Yamai muna samari, muna zaune kan buhunan kanwa, babu wanda ya san inda zai kwana. Wani mutumin garinmu da ke gadi shi ya sama mana aikin ɗaukar jakar masu wasan golf. Filin can babu ciyawa, yashi ne da jar ƙasa da ƙaya. Inda rami yake, yashi ne aka tankaɗe aka cuɗa da baƙin man mota aka daddale, kafin a gangara ƙwallo sai a ja buhu a share sawun ƙafa. Kowane ɗan wasa yana yawo da ɗan kafet na roba, inda ƙwallonsa ta tsaya ya shimfiɗa, ya ɗora ta, ya buga. Ran Litinin masu filin ba sa zuwa, sai a bar mu mu masu jaka mu yi wasa da tsofaffin sanduna. A haka muka koya, ni da shi.

Ni Allah Ya ba ni kafaɗa. In na saki ƙwallo, manyan mutane sukan dakata da hira su bi ta da ido, har suka sa mini suna Igwa. Kiyari kuwa siriri ne, in iska ta taso sai ka ji tausayinsa, bugunsa ba ya kai inda nawa yake kaiwa ko ya haɗa da addu'a. Amma ka san wasan nan ba a tambayar wa ya fi nisa, bugu nawa ka yi kafin ta faɗa rami ake tambaya. To in yamma ta yi aka ƙirga, sau da yawa nasa ya fi nawa ƙaranci. Ni a tafa mini, shi ya ci. Wannan abu ya tsaya mini a wuya tun daga lokacin.

Akwai daɓen siminti a bayan mangazar da ake ajiye kaya. Kullum bayan azahar, muna kwance a inuwa muna shan shayi, shi yana can. Sai ya ajiye hularsa a ƙasa, ya koma baya taku goma, ya riƙa ɗaga ƙwallo kaɗan don ta sauka kan hular, sannan ya tsaya yana kallon inda za ta gangara ta tsaya a kan simintin. Ya ɗauko, ya sake. Wata rana na ce masa, "Kai Kiyari, wai me kake nema a siminti? Filinmu fa yashi ne."

Ya ce, "Isufu, ba ko'ina ne yashi ba. Mutumin da nake ɗaukar wa jaka ya ce a filin ciyawa in ƙwallo ta sauka gudu take. Ina so in ga gudun nan da idona."

Na yi dariya har na sa sauran suka taya ni. Na ce wannan wasan tsofaffi ne, masu ciwon baya. Amma gaskiyar magana, na sha laɓewa a bayan katangar ina kallonsa. Ƙwallo goma, takwas su taɓa hula. Ina kallo ina jin haushinsa. Da na nemi sanda na tsaya kusa da shi, da ya koya mini da murna, don shi ba ya rowa da abin da ya sani. Na gwammace in yi masa ba'a.

Saboda haka ga shawarata ta farko. A sati ukun nan, in ka sami awa uku ta motsa hannu, biyu ka yi su a gefen dandalin rami. Za ka ga samari sun jeru can inda ake dogon bugu, kowa yana so a ji ƙarar sandarsa. Zuciyarka za ta ja ka can, don ka san za ka burge su. Kada ka je. Wanda zai zaɓe ku ba ya rubuta tafi a takardarsa.

A shekararmu ta shida aka ce za a aika masu jaka biyu Abijan gwaji, wanda ya yi kyau a riƙe shi a koya masa sosai. Aka zaɓe mu, ni da shi. Ranar da na fara ganin filin ciyawa sai da na tuɓe takalmi, don na ji kunyar taka shi. Dandalin ramin kuwa an aske shi ƙwal, kamar kan jariri ranar suna. Ana gobe gwaji aka bar mu mu zaga. Kiyari ya tsuguna a gefen dandali ya saki ƙwallo da hannu, ta yi ta tafiya kamar ba za ta tsaya ba. Ya kira ni.

"Isufu, zo ka gani. Gobe don Allah kada ka nufi tutar da ke ramin. Ka saukar da ita nan gaba-gaba, ka bar ta ta ƙarasa da ƙafarta."

Na ce, "Yaushe ka zama mushe, malamin da zai koya mini? In kana neman ɗalibai ka koma Kelle ka buɗe lekol."

Ya ce, "Allah Ya ba ka haƙuri." Ya ɗauki ƙwallonsa ya yi gaba.

Sanusi, na san gaskiya ya faɗa. Da idona na ga ƙwallon nan tana gudu. Da wani baƙo ne ya gaya mini, wanda ban taɓa gani ba, da na yi masa godiya har da riƙe hannu. Amma daga bakin Kiyari ta fito, shi ya sa ta ƙi shiga.

Gari ya waye, aka haɗa mu rukuni ɗaya, ni da shi da wani ɗan Gana. A rami na farko na saki dogon bugu, na ji mutanen da ke tsaye suna cewa wane ne wannan. Bugu na biyu ya bar ni taku ashirin daga dandali. To a Yamai, yashin nan mai baƙin mai in ƙwallo ta faɗo a kansa kama ta yake, inda ta sauka nan take kwana. Shekara shida hannuna ya saba da haka: ka ɗaga ta sama, ka jefa ta gindin tuta, shi ke nan. Haka na yi. Ta tashi da kyau, ta sauka bai fi kamu ɗaya daga tuta ba, har na fara murmushi. Sai ta yi tsalle, ta ruga, ta fice ta baya, ta faɗa ramin yashi. Kiyari da ke bayana da nisa ya zo ya ɗan taɓa tasa, ta sauka a bakin dandali, ta gangara a hankali ta tsaya inda ko makaho zai iya tura ta ciki.

A rami na biyu na sake. A na huɗu na sake. Kada ka ɗauka ban gane ba, tun daga na farko na gane. Abin da ya hana ni canzawa shi ne Kiyari yana tsaye taku biyar daga inda nake, kuma in na saukar da ƙwallo gaba-gaba zai san maganarsa na bi. Na zaɓi in yi ta zubar da bugu a gaban mutane da in bar shi ya ga haka. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Shekara talatin ina gaya wa mutane ciyawa ce ta ci ni, ba ita ba ce.

To ka ji abin da ya kamata in yi, kai ka yi shi. Kafin ka taɓa sanda, ka taka ka je dandalin da ƙafarka. Ka duba inda ruwa zai bi in an zuba shi, can ƙwallo za ta bi. Sannan ka manta da tuta, ka zaɓi wuri ɗaya a kan dandali, taku biyu ko uku daga bakinsa, wuri ƙarami kamar faɗin faifai, ka ce nan za ta sauka. Aikinka ya ƙare a wannan wuri, sauran tafiyar tata ce. In babu abin da ya tare tsakaninka da rami, kada ka ɗauki sanda mai ɗaga ƙwallo sama, ka ɗauki lamba takwas ko bakwai, ta ɗan yi tsalle ta tsallake doguwar ciyawa, mafi yawan hanya ta yi shi a ƙasa. In ma ciyawar da ke gabanka gajera ce, ka gangara ta kawai da sandar gangarawa, ba abin kunya ba ne. Da safe raɓa tana riƙe ta, ka ƙara mata kaɗan. Da rana ta take ciyawa ta bushe, ka rage. Ɗaga ƙwallo sama sai dole, in akwai ramin yashi ko ruwa a tsakani. Ni na san duk wannan ne daga baya, a zaune, lokacin da ba shi da sauran amfani gare ni.

Akwai kuskure na uku a wannan rana, shi ma ka ji shi, don irin namu ne mu 'yan yashi. A rami na goma sha ɗaya na ga Kiyari ya juya baya yana goge sandarsa. Na ce yauwa, bari in gwada irin nasa kafin ya waiwayo. Na yi sauri na tsaya, na kai sanda, ina cikin bugu na ɗago kai in ga ko yana kallona. Sanda ta nutse a ƙasa bayan ƙwallo, ta yanko ciyawa da saiwarta. Ciyawar ta fi ƙwallon nisa. Ɗan Gana ya kau da kai don kada in ga dariyarsa. Kiyari ya waiwayo ya ga komai, ya ci gaba da goge sandarsa, kuma hakan ya fi mini dariyar ciwo.

Abin da ya faru shi ne kafet ɗin roba ya ɓata mu. In ka bugi bayan ƙwallo a kan kafet, sanda zamewa take ta same ta, ba ka ma san ka yi kuskure ba. Ciyawa ba ta yafe wannan. Kai ma a kan guntun kafet ɗin da na zo da shi ka koya, don haka wannan ciwo yana jikinka ba ka sani ba. Ga maganinsa. Ka matso da ƙafafunka kusa da juna, ka ɗora nauyinka a ƙafar hagu ka bar shi can har ka gama. Ƙwallo ta zauna wajen ƙafar dama, hannuwanka su riga kan sanda zuwa gaba. Ka riƙe sandar ƙasa-ƙasa. Wuyan hannu ya yi shiru, kafaɗu su yi aikin, kada ka ce za ka taimaki ƙwallo ta tashi, sanda ta san aikinta. Ka ja baya kaɗan, ka wuce da ƙarfin gwiwa, don wanda ya ja da nisa sannan ya ji tsoro ya rage gudu a tsakiya shi ne ke haƙa rami. Ƙwallo za ka fara samu, ciyawa daga baya. Kuma idonka ya zauna inda ƙwallon take har sai kunnenka ya ji ta sauka. Duk wanda ke tsaye a gefe, ko wane ne shi, ba ruwanka da fuskarsa.

Aka riƙe Kiyari, aka sallame ni. Ya rako ni tasha yana cewa, "Baɗi ka dawo, Isufu, wallahi wata ɗaya ya ishe ka. Da dogon bugunka in ka haɗa da wannan, ba mai kama ka." Na ce to. Ban koma ba, Yamai ma ban daɗe ba na tattaro na dawo Gure na kama gyaran injin ban ruwa a cikin kwaruruka. Ya yi ta aiko da takardu da hotuna, yana tsaye a kan ciyawa da farar hula. In mutane suka tambaye ni labarinsa sai in ce ai shi ya iya bi da manya, ko in ce sa'a ce. Na taɓa cewa ma asiri ya yi mini, Allah Ya yafe mini. Mutumin nan bai taɓa yi mini komai ba sai fin ni haƙuri.

Da abin ya tsaya a kaina da sauƙi, to ya zo kanka.

Kana shekara tara ka jawo tsohuwar jakata daga ƙarƙashin gado. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Muka riƙa fita tudun yashin nan na hanyar Bune, masu wucewa da jakuna suna cewa ga Isufu da ɗansa can suna dukan ƙwai. Na koya maka tsayuwa, na koya maka juya kafaɗa, na koya maka yadda ake sa ƙwallo ta yi kuka a iska. Duk abin da na iya na ba ka. Abin da Kiyari ya iya kuwa ko ambatonsa ban yi ba, kamar babu shi a wasan.

Ka tuna shekarar da kake sha huɗu, bayan an gama sussukar hatsi a gonar kakanka? Masussukar ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. Na zo ɗaukar buhuna na same ka kai kaɗai da lamba takwas. Ka ajiye murfin kwano a ƙasa kana saukar da ƙwallo a kansa, tana gangarawa zuwa gindin wata taɓarya da ka kafa. Na tsaya a bayan rumbu ina kallo. Ƙafafunka a haɗe, nauyinka a hagu, kanka a sunkuye. Ba wanda ya nuna maka. Abin da na kasa da gemuna, ga ɗana yana yi yana ɗan waƙe-waƙensa. Uba na gari da ya yi kabbara. Ni kuwa abin da na ji a bayan katangar mangaza shi na ji, bai ragu ba ko kaɗan. Na fito na daka maka tsawa.

"Wa ya koya maka wannan shirmen?"

Ka ce, "Ba kowa, Baba. Na ga in ta sauka a nan gudu take, shi ne nake so in ga ko zan iya tsayar da ita."

Na ce, "Namiji ba ya lallaɓa ƙwallo. Kawo sandar nan."

Ka miƙo mini da hannu biyu. Ba ka yi kuka ba, ba ka yi musu ba, ba ka kuma sake tambayata ita ba. Na kulle ta a akwatin kayan aikina, tana nan tare da sifanu shekara da shekaru. Jiya na fito da ita na goge tsatsar, tana cikin jakarka. Ina gaya maka a fili, don kada ka tsaya neman wani suna mai daɗi ga abin: hassada na yi maka. Kai ɗana na cikina. Na ga hannunka ya fi nawa, kuma ya fi shi ta wajen da Kiyari ya fi ni, sai na kasa ɗauka.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Kana tsammani bana Kiyari ya fara nemanka. Ba haka ba ne. Shekara biyu da suka wuce wani abokinka ya ɗauki hoton bugunka a telefon, ya yi ta yawo har ya kai gare shi. Ina cikin kwari bayan la'asar hannuna duk mai, sai ga kira.

"Wushe, sannu Isufu. Ni ne Kiyari. Na ga yaronka. Kafaɗarka ce sak. Ka ba ni shi shekara biyu in gyara masa wajen rami, ka ga abin da Allah zai yi."

Na ce, "Yaron ba ya so. Karatu ya sa a gaba, golf ɗin wasa ne kawai."

Ya ce, "To, ka dai tambaye shi."

Na ce na tambaya. A daidai wannan lokaci kana can tudu kai kaɗai kana bugu a cikin rana. Da shekara ta zagayo ya sake kira har sau uku, na ƙi ɗauka. Abin da nake gani shi ne, in ka je ka yi suna, a bakin duniya shi ya yi ka. Ya ci gwajina, yanzu kuma zai ɗauke mini ɗa. Haka nake lissafi, kai kuwa ban sa ka a lissafin ba sam.

Innarka ce ta tone ni. Ta je suna Kelle ta haɗu da ƙanwar Kiyari, wadda ta ce mata ashe ɗanku ba ya son tafiya, yayana ya yi ta nema. Washegari da safe ta ajiye mini koko, ta zauna, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, "Malam, jiya na ga ƙanwar Kiyari."

Na ce, "Lafiya take?"

Ta ce, "Lafiyarta lau. Kai ne nake tambaya ko lafiya. Ka je gwajinka ka faɗi, ya yi maka ciwo, na yarda, shekara nawa ina jin labarin ciyawar nan. Amma nawa ɗan bai faɗi komai ba tukuna. Ka bari ya je ya ci ko ya faɗi da hannunsa. Ga telefon nan. Ko ka kira, ko in kira."

Na ce mata ba ta san wasan ba. Ta ce wasan ne ba ta sani ba, ni ta san ni. Kokon nan har ya huce ban sha ba. Na kira. Kiyari bai tambaye ni komai ba, cewa kawai ya yi, "Sati uku ya rage maimakon shekara biyu, amma ka turo shi."

Ka ga abin da na ci maka ke nan. In ka yi fushi da ni, kana da gaskiya, amma ka ajiye fushin sai bayan gwaji, yanzu ba ka da lokacinsa. Kuma ka ɗauki darasi: duk ranar da ka ga wani yaro a filin nan ya fi ka taɓa ƙwallo, za ka ji wani abu ya tokare maka ƙirji, don jinina ne a jikinka. In ka ji shi, ka taka ka je wurin yaron ka ce ya nuna maka. A ranar, ba gobe ba. In ka bari ya kwana, ka ga inda yake kai mutum.

Don kada in bar ka da tsoro kaɗai, akwai abu ɗaya da kake da shi wanda 'ya'yan ciyawa ba su da shi. Su in ƙwallonsu ta faɗa ramin yashi sai ka ga gumi ya karyo musu. Kai a cikinsa aka haife ka. Ka buɗe fuskar sanda, ka nutsa ƙafa, ka bugi yashi yatsa biyu bayan ƙwallo, ka wuce ba tsayawa. Wannan ko Kiyari ba zai ƙara maka komai ba, kuma ka bar ni in ji daɗin faɗin haka.

In ka isa, ka durƙusa ka gaishe shi yadda kake gaishe ni. Kada ka ce masa tonton irin na yaran birni, Baba za ka ce. Duk abin da na rubuta maka a sama na tsayuwa da riƙo, in ya ce ba haka ba ne, nasa za ka bi ka watsar da nawa, don ni a kai na sani, shi a hannu. In ya sa ka ka yini kana saukar da ƙwallo a kan hula, ka yini. Kada ka kare ni a gabansa, kada ka ce Babana ya ce.

Ba zan yi maka ƙarya in ce na warke ba. Da nake rubuta wannan, in na tuna zai tsaya a bayanka ya gyara maka hannu, kai kuma ka ɗago ka kalle shi da irin kallon da kake yi mini kana yaro, sai in ajiye biro in fita tsakar gida. Kuma na san abin da zai biyo baya. In Allah Ya ba ka nasara, mutane za su ce ɗalibin Kiyari ne ya ci. Za ka so ka gyara musu, ka ce a'a, ubana ne ya fara sa mini sanda a hannu. Kada ka gyara. Ka bar su su faɗa, gaskiya ce, bugun da zai cishe ka ba daga wurina ya fito ba. Na yi kwana uku ina gwada faɗin wannan a bakina kafin in iya rubuta shi.

Abu ɗaya kawai nake roƙo, kuma na san ban cancanta ba. Ranar da aka faɗi sakamako, ko ka ci ko ka faɗi, kafin ka juya ka rungume shi, ka kira ni. Ko minti ɗaya ne, ka bar ni in riga shi ji daga bakinka.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya saukar da kai a hannun alheri. Ya tsare maka sallarka da lafiyarka, Ya daidaita hannunka, Ya sanyaya zuciyarka a gefen rami. Ya raba ka da halin da na gaya maka, Ya dawo mana da kai muna raye. Innarka tana sa maka albarka, ni ma na sa, duk da ni ne ke neman gafararka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isufu
Gure